Kitsen jini da ake gada: abin da ya kamata mu sani a Umarari

A matsayinmu na masu riƙe da littafin ƙungiya, mu ne ke rubuta gudunmawar ta'aziyya, kuma akwai abin da ya daɗe yana damunmu. Magidanci bai kai 50 ba, ba shi da ƙiba, ya faɗi farat ɗaya. Idan aka bi salsala sai a ji haka mahaifinsa ya tafi, ko wansa. Mai rai mamaci ne, amma neman magani ba ya karo da tawakkali.

Akwai gidajen da ake gadon yawan kolestarol, wato kitsen da ke yawo cikin jini. Hanta ce ke kwashe nau'insa mai cutarwa, wanda ake kira LDL. Wasu kuwa da wannan rauni aka haife su, hantarsu ba ta kwashe shi yadda ya kamata, sai ya riƙa taruwa a jijiyoyin zuciya tun suna yara. Likitoci biyu na Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, su ne suka gano yadda abin yake, aka ba su kyautar Nobel a 1985. Ana ƙiyasta mutum 1 cikin 250 a duniya na ɗauke da shi, kuma kowane ɗa da mai shi ya haifa, rabi da rabi ne ya gada.

Gwajinsa ba baƙo ba ne. Gwajin kitsen jini ne, ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke hanyar Bama. Idan LDL na babba ya haura 190 mg/dL, wato 4.9 mmol/L, ko na yaro ya haura 160, likita zai yi zargin gado. Amma sai ya fara duba maƙoshi da hanta da ƙoda, domin cutukansu ma suna ɗaga shi, kuma ciwon ƙoda mun san irin ɓarnar da yake yi a Borno. A jiki kuma akan ga ƙulluka masu tauri a agarar dunduniya ko a gaɓoɓin yatsu, ko farin zobe kewaye da baƙin ido ga wanda bai kai 45 ba.

Waɗanda suka fi wuyar ganewa su ne masu zuwa ta iyaye biyu, kamar yadda sikila ke zuwa. Uwa lafiya, uba lafiya, amma kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4. Nan ne auren zumunci ya shigo. Ba kushe shi muke yi ba, da yawanmu 'ya'yansa ne, sai dai jini ɗaya idan ya haɗu, abin da ke ɓoye yakan fito.

Ɗaya daga cikinsu ita ce sitostarolemiya, wadda aka fara bayaninta a 1974 a jikin wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa. Hanjin mai ita yana tsotse kitsen tsirrai wanda jikin sauran mutane ke mayarwa waje. Gwajin da aka saba ba ya bambance shi da kolestarol, sai an auna sitostarol shi kaɗai da na'ura ta musamman. Muhimmancin wannan a nan yake: shawarar da akan ba mai kitsen jini ita ce ya bar man shanu ya koma man gyaɗa, alhali ga wannan yaro gyaɗa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗar su ne ke ƙara masa ciwo. Maganin sitatin da aka saba bayarwa ba ya yi masa aiki sosai, ezetimib ne ya fi dacewa da shi.

Akwai wata kuma da ake ganewa ta yawan kolestanol a jini. Yaro ya yi ta gudawa ba ta jin magani, yanar ido ta fito masa yana ƙarami, daga baya tafiya da tunani su fara lalacewa. Sau da yawa kolestarol ɗinsa daidai yake, shi ya sa ake shafe shekaru ana zagaye, wasu har a jingina abin ga iska. Tana da magani, kuma an fi cin moriyarsa idan an fara kafin ƙwaƙwalwa ta taɓu.

Abin da muke roƙo ƙarami ne. Duk gidan da aka rasa namiji kafin 55 ko mace kafin 60 ta dalilin zuciya, 'yan'uwansa na jini su je a gwada su, yara kuma kafin su cika shekara 10. A tafi da sunayen waɗanda suka rasu da shekarunsu a rubuce, a faɗa wa likita idan iyaye 'yan'uwa ne. A tambaya tun da wuri ko za a zo ba a karya ba, domin wasu ɗakunan gwajin suna buƙatar awa 9 zuwa 12 ba a ci komai ba. Takardar sakamakon kuma a adana ta cikin leda, likitan ƙanne da 'ya'ya zai nemi ganin ta.