Baƙin Tabon da ke Jikin Salansa

A wajen wankin babur, aiki yakan tafi sumul har sai an zo kan salansa. Tanki ya yi ƙyalli, ƙafafu sun fita tas, ita kuwa tana nan da baƙin tabonta kamar gindin kaskon mai ƙosai. Kamar tasu ba a ido kaɗai ta tsaya ba, hanya ɗaya suka bi suka yi baƙi. Idan baƙin mai ko giris ya ɗiga a kan bututun da ya ɗauki zafin ɗaruruwan digiri, sashensa mai sauƙi yakan tashi ya bi iska. Abin da ya rage sai ya haɗu da iska ya dahu, ya koma kamar ƙaro, ƙurar hunturu ta zauna a kai, gobe wani ɗigon ya sake rufe ta. Shi ya sa ruwa da Omo ba sa yi masa komai.

A nan ne mai gaggawa yakan ɗauko reza, ko sanfefa, ko ya tuna yadda ake dirje tukunya da toka da yashi. Tabon zai fita kuwa, amma tare da abin da ya fi shi daraja. Farin ƙyallin da ke jikin salansa shafe ne aka yi wa baƙin ƙarfe, kuma kaurin na samansa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba. Duk inda aka karce shi an buɗe wa tsatsa ƙofa, damina ɗaya ta isa ta nuna hakan. Tukunya tana jure dirza, salansa ba ta jurewa.

Abin da wuta ta daɗe tana dafawa, jiƙo yake so. A bar injin ya huce, a jiƙa tsumma da kananzir, a naɗe wurin, a ba shi kamar rabin sa'a. Mai ne ke narkar da ɗan'uwansa mai. Idan ya yi laushi sai a ture shi da tsinken katako, a sake jiƙawa, a sake turewa, har sau uku ko huɗu in tabon ya tsufa. Daga ƙarshe a wanke da ruwan sabulu mai ɗumi, a tsane sarai kafin a tayar da inji. Ledar da ta narke ta manne, ko robar takalmin fasinja, ita ta fi fita da sauran ɗumi a jikin ƙarfen, da katakon kawai, ba tare da kananzir ba.

Fetur ma yana narkarwa, kuma shi ne mafi kusa da hannun bakanike, tun da tiyo kawai zai zare. Sai dai tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da garwashin mai shayi ko tartsatsin mai walda na gefe. Haɗarin ya fi amfanin nesa ba kusa ba. Sodar da ake haɗa sabulu da ita kuma tana cin irin wannan dauɗa, amma tana cin alminiyon da aka yi jikin inji da shi, tana ƙona fata, tana iya makantar da ido. Salansa mai baƙin fenti kuwa, ko kananzir ɗin sai an gwada a ɓoyayyen gefe tukuna.

Akwai launin da ba dauɗa ba ne: shuɗin nan mai ratsin ruwan zinare da ke fitowa a wuyan bututu kusa da inji. Zafi ne ya rina fuskar ƙarfen kansa, kananzir ba ya taɓa shi. Idan ya yi yawa ko ya bayyana farat ɗaya, mai yiwuwa injin na zafi fiye da ƙima, sau da yawa saboda iska ta rinjayi fetur a kafireto.

Shi ma baƙin tabon labari yake bayarwa, domin mai ba ya faɗowa daga sama. Na kusa da wuya yawanci daga murfin kan inji yake tsattsafowa, na wajen wutsiya kuwa kan kasance daga hayaƙin injin da ya fara ƙona baƙin mai. Masu sayen babur na hannu da suka san kan abin sukan durƙusa su duba nan kafin su tambayi kuɗi, kuma salansar da aka goge yanzu-yanzu takan sa su nemi a tayar da injin, su tsaya minti goma suna kallon inda sabon ɗigo zai fito.