Wanda Aka Rataya wa Usur



A kusan kowace ikkilisiya akwai yaron da aka riga aka yanke wa hukunci. In aka ji hayaniya a bayan majami'a, sunansa ake fara kira kafin a waiwaya. In ana raba aiki, jera kujeru ake ba shi, shi ma sai an sa wani ya sa masa ido. Ba ma korarsa, amma kuma ba ma damƙa masa wani abin da in ya lalace za mu ji zafi. Abin da na gani a sansanin 'yan sikawut ɗinmu a hutun watan Agusta ne ya sa na roƙi fili a nan, don mu yi magana a kan wannan hali namu.

Kwana bakwai muka yi a gindin duwatsun Shere, gabas da Jos, yara 24 'yan shekara 11 zuwa 16, da manya biyar. Ni ba ɗan sikawut ba ne, zumunta ce ta tura ni in taimaka. Shugaban ƙungiyar dattijo ne, tsohon malamin firamare, kowa Baba yake ce masa. Kafin mu tashi, sau biyu ya je ya gai da mai unguwar da ke kusa, ya sanar da jami'an tsaro, ya kuma samo mana wani manomi ɗan wurin da ya san kowace hanya a kan dutsen. A wannan zamani babu uwar da za ta saki ɗanta ya kwana a daji da fatar baki kawai.

Garin Jos kansa yana wajen mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800. Ga shi tsakiyar damina, lokacin da ruwa ba ya neman izini. Da asuba sanyi yakan shiga har ƙashi, ciyawa jiƙe, duwatsun kuma sai rana ta ɗaga kafin gajimare ya sake su.

Ranar da muka isa, Baba ya raba yaran rukuni huɗu, shida shida. Kowane rukuni da tantinsa, da tukunyarsa, da igiyarsa, da shugabansa daga cikin yaran, wanda ake rataya wa usur a wuya. Uku na farko babu wanda ya yi mamaki. Usur na huɗu kuwa, sai Baba ya nufi wani yaro ɗan shekara 15 da duk mun san labarinsa. Mahaifinsa ya rasu, an hana shi kiɗan ganga a ƙungiyar mawaƙa saboda faɗa, an kuma sha ganinsa da samarin da ke zaman bakin titi har dare. Da ƙyar ma dattawa suka yarda aka sa sunansa cikin masu tafiya. Ɗaya daga cikinmu ya matsa kusa ya ce, “Baba, wannan fa?” Baba ya ce, “Ku bar shi. Ƙarfin da yake karya benci da shi, da shi zai ɗauki tukunya.”

Wannan tsari ba Baba ne ya ƙirƙiro shi ba. A watan Agusta na 1907, wani sojan Ingila mai suna Robert Baden-Powell ya kai yara wajen 20 tsibirin Brownsea, suka yi zango na kimanin mako guda. Ya raba su rukuni huɗu, ya ɗora yaro a kan kowane rukuni. Daga wannan gwaji ne ƙungiyar sikawut ta fito, ta iso Najeriya a 1915. Mutane sukan ɗauka sikawut kayan sarki ne da fareti da ƙulla igiya. Ginshiƙin abin shi ne a ɗora wa yaro nauyin 'yan'uwansa da gaske, babba ya ja gefe.

Jan gefen nan shi ne aiki mafi wuya da aka ba mu manya. Dokar Baba ita ce hannu a baya, sai in rai ko lafiya na cikin haɗari. A daren farko na tsaya ina kallon rukunin yaron nan suna fama da jiƙaƙƙen itace. Ashana ta kusa ƙarewa, hayaƙi ya cika musu ido, shi kuwa sai tsawa yake yi yana zagi. Biyu daga cikinsu suka yi fushi suka shige tanti. Sai wajen ƙarfe goma suka ci shinkafa da wake, waken da sauransa. Cikin dare ruwa ya bi ta ƙarƙashin tantinsu ya jiƙa barguna. Da safe da aka zagaya duba tsabta, su ne na ƙarshe. Baba bai yi masa faɗa ba. Ya ja shi gefe ya ce, “Ɗana, shugaba shi ke fara tashi, shi ke ci daga ƙarshe. Gwada wannan ka gani.”

Kafin Laraba an fara ganin bambanci. Ya haƙa ɗan lambatu kewaye da tanti don ruwa ya bi. Ya riƙa ɓoye busassun ƙirare a cikin buhu, ashana kuma a cikin leda. Ya gane cewa in ya ɗauki bokiti ya nufi rafi, sauran sukan bi shi ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya kuma lura da abin da mu manya ba mu sani ba: ƙaramin cikinsu, wanda suke kira Auta, ba ya barci. Iyalinsa sun taɓa gudu daga ƙauyensu cikin dare, don haka ko iska ce ta kaɗa tanti sai ya tashi zaune yana rawar jiki. Shugaban bai gaya wa kowa ba, sai kawai ya mai da tabarmarsa bakin ƙofa, kusa da ta Auta.

Alhamis ce ranar hawan dutse. An kafa tuta a wani tudu can sama, kowane rukuni zai tashi a lokacinsa, ya taɓa ta da mutanensa cikakku, ya dawo. Babba ɗaya yana bin kowane rukuni a baya, bakinsa a rufe. Ni aka haɗa da su, mu ne kuma na ƙarshen tashi. Muka ratsa gonakin acca da masara masu shingen ƙyarana, muka tsallake wani rafi da bai wuce idon sawu ba, sannan hanya ta miƙe sama tsakanin manyan duwatsu. Yaran suna ta waƙa, don sun ƙudura yau za su wanke kunyar daren farko.

Muna hango tutar ke nan Auta ya zame a kan gansakuka ya gurɗe ƙafa. Yana iya takawa, amma da ɗingishi. A daidai lokacin kuma hadari ya haɗo daga gabas, iska ta juya ta yi sanyi, aka fara jin rugugi daga nesa. Duk wanda ya san dutse ya san abu biyu: tsawa wuri mai tsayi take nema, jiƙaƙƙen fa kuma ya fi sabulu santsi. Na riga na yanke a raina cewa in suka ƙara taku goma zuwa sama, zan buɗe baki.

Yaran suka kewaye shi. Ɗaya ya ce, “Haba shugaba, ga tuta can muna gani! Auta ya zauna nan da Yaya, mu ruga mu dawo.” Ya juyo ya dube ni ya ce, “Yaya, mu ci gaba ko mu koma?” Na ce, “Ƙanena, usur ɗin a wuyan wa yake?” Ya dubi tutar, ya dubi sama, ya dubi Auta. Na san abin da tutar nan take nufi a wurinsa. Yaron da bai taɓa zuwa na ɗaya a komai ba, ga dama a gabansa, tafiyar da ba ta fi minti ashirin ba. Sai ya ce, “Tutar ba ta da uwa da ke jiran ta a gida. Mu shida muka hau, mu shida za mu sauka.”

Ya kwance ƙyallen wuyansa ya ɗaure wa Auta ƙafa yadda aka koya musu ranar Talata. Ya zazzage jakar Auta ya raba kayan wa sauran, ya ɗauki mafi nauyi. Ya sa mai ɗingishi a gaba don kada a bar shi a baya, shi ya koma ƙarshen layi yana ƙirga kawuna a kowace kwana. Mun yi nisa da saukowa kafin muka ji dogon usur ɗin Baba, alamar kowa ya bar kan dutse. Da muka iso rafin nan cikin ruwan sama, ya cika ya kai gwiwa, yana gudu ja wur. Wani ya ce a yi ta maza a faɗa. Shugaban ya hana. Muka tsuguna a gangare muna kaɗuwar sanyi har ruwan ya ja, sannan suka haye riƙe da igiya, shi da Auta a goye.

Rukuni biyu sun taɓa tuta kafin hadari, su suka kwashe maki. Namu su ne na ƙarshe a lissafin mako. Da dare a bakin wuta, ana shan kunun gyaɗa, Baba bai yi dogon jawabi ba. Ya miƙa wa yaron hannun hagu, irin gaisuwar 'yan sikawut, ya riƙe shi ya daɗe bai saki ba.

Washegari a addu'ar safe mun karanta labarin Yohanna Markus a Ayyukan Manzanni sura 15. Saurayi ne da ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar aiki a Bamfiliya ya koma gida. Da za a sake fita, Bulus ya ƙi a tafi da shi, Barnaba kuwa ya nace, har gardamar ta raba su. Bulus yana da hujja, don yaron ya taɓa ba su kunya. Amma Barnaba bai tsaya ga yi masa nasiha ba, ya ɗauke shi suka tafi Kubrus, wurin aikin da zai iya sake gudu ya bari. Bayan shekaru, a 2 Timoti 4:11, Bulus ɗin nan da kansa ya aika a zo masa da Markus saboda amfaninsa a hidima. Da Barnaba ya jira sai Markus ya nuna ya cancanta, a ina zai nuna?

Mako ɗaya ba ya gyara duk abin da shekaru suka ɓata. Yaron nan har yanzu yana da zafin rai, samarin bakin titi kuma ba su daina kiransa ba. Wannan ne ma ya sa maganar take da gaggawa. Su can suna ba shi matsayi, suna aikensa, suna nuna masa ana bukatarsa. In a wurinmu jera kujeru kawai ya iya samu, mun san inda zai ƙare. Baba ya damƙa masa makullin ɗakin da ake ajiye tantuna da tukwane. Mahaifiyarsa ta gaya mini a igiya ya rataya shi a wuya, ko wanka zai shiga ba ya cirewa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka muke yawan faɗa, amma sau da yawa bulala muke nufi. Amana ma tana tanƙwara mutum. Nan gaba kaɗan za mu raba ayyukan makon matasa. Ina roƙon shugabanninmu su zaɓi aiki ɗaya mai nauyi, wanda in ya lalace kowa zai gani, su ba wanda ba a saba ba, sannan babba ɗaya ya bi shi a baya, kusa yadda zai tare shi in zai faɗi, amma hannu a baya. Ku kuma ƙannena da kuka san ku ake nufi da wannan rubutu, in aka miƙo muku, ku karɓa.

Ubangiji ya ba mu ido irin na Barnaba, da haƙurin tsayawa a baya. Amin.