Inda Manhaja Ke Fara Duba: Darasi Daga Kundin Manoman Kura

Ruwan noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974. Ba a tura shi da inji, gangare yake bi daga babbar magudana zuwa rassanta har bakin gona. Saboda haka kowane manomi ya san wanda ke sama shi ke fara sha, na ƙarshen layi kuwa sai abin da ya rage.

Wani matashi da ke riƙe da kundin wata ƙungiyar masu amfani da ruwa a yankin ya tarar da irin wannan tsari cikin kwamfuta. Aikinsa rubuta sunayen gonaki, da ranakun ban-ruwa, da kuɗin da aka biya, da koken masu shinkafa da alkama da tumatir. Da Hausa yake rubutu, a kan tsofaffin kwamfutoci masu aiki da Linux, cikin manhajar Vim wadda Bram Moolenaar ya fitar a 1991. Tun 2006 manhajar take iya ja wa kalmar da ba ta daidaita ba layi, amma jerin kalmomin Turanci ne ke zuwa tare da ita. Sai matashin ya tara kalmomin Hausa masu ɓ da ɗ da ƙ, ya mayar da su fayil mai suna ha.utf-8.spl da umarnin mkspell.

Tara kalmomi bai ba shi wuya kamar sanin inda zai ajiye su ba. Vim ba ta lalube kwamfuta gaba ɗaya. Tana da jerin foldoji da ake kira runtimepath, tana bin su ɗaya bayan ɗaya: foldar mai amfani ta .vim, sai vimfiles ta kowa da kowa, sannan foldar da ta zo da manhajar. Fayil ɗin harshe da ta fara samu shi take ɗauka. Ke nan tsohon jeri da wani magatakarda ya manta a foldarsa zai tare sabon da aka ajiye domin jama'a, yadda na sama ke tare ruwa. Ta haka rahoto ɗaya zai fito da “ƙaramar magudana”, wani da “karamar”, mai bincike kuma ya sami rabin koken, rabi ya ɓace masa. Koken da bai fito ba kuwa gona ce da ba a kai wa ruwa ba.

Hanyoyi uku ne a gabansa. Ko kowa ya gyara fayil ɗinsa na .vimrc, ko a gyara na kwamfutar baki ɗaya, ko a shiga tushen manhajar, a fayil ɗin os_unix.h inda aka rubuta jerin da sunan DFLT_RUNTIMEPATH, a sauya shi a sake harhaɗa manhajar. Ta ukun ta fi burge shi, don gyara ne daga mafari. Sai dai duk ranar da aka sabunta manhajar, wadda ya harhaɗa ko dai a shafe ta, ko ta tsaya a baya. Kuma idan ya bar aikin, magajinsa ba zai san an taɓa komai ba. Mutanen yankin sun ga yadda yashi da kachala ke cinye magudanar da ba ta da mai yashewa.

Don haka ya zaɓi ta tsakiya. Ya ajiye jerin a vimfiles, ya kwashe tsofaffin daga foldojin magatakarda, ya rubuta bayanin abin da ya yi a shafin farko na kundin ƙungiya. Duk da haka akwai abin da ya fi ƙarfin jerin. “Barin ruwa” da “ɓarin ruwa” duka Hausa ce ingantacciya, manhaja ba za ta ja wa ko ɗaya layi ba, alhali na farko izini ne, na biyu asara. Wannan sai idon mai karatu, shi ya sa ba ya rufe rahoton mako sai ya karanta wa shugabannin manoma shi da baki.