Watannin da Ba a Soke Ba

A unguwar Birni ta Damagaram akwai wani tsohon malamin makaranta wanda har yau ba a kiransa da komai sai Mushe, ko da yake ya daɗe da ajiye alli. A cikin akwatin ƙarfen da yake adana takardunsa akwai wani littafin rubutu irin na ƴan makaranta, mai shuɗin bango. Shafukansa na farko jerin watanni ne, kowane da adadin kuɗi a gabansa. Wasu an soke su da jan biro, wasu suna nan yadda aka rubuta su. Watannin albashin da gwamnati ta riƙe masa ne a shekarun 1990.

Wanda bai ga wancan zamani ba da wuya ya fahimci yadda ma'aikaci mai lambar aiki zai wayi gari yana cin bashin gero. Kasuwar uraniyom ta faɗi tun shekarun 1980, baitulmali ya bushe, masu ba da lamuni na ƙetare kuma suka gindaya sharuɗɗan tsuke bakin aljihu. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kenedi ta Yamai. Bayan wannan rana ce uwar ƙungiyar ƙwadago ta USTN, wadda ta daɗe tana tafiya a inuwar hukuma, ta juya ta fuskance ta da yajin aiki, har aka kai ga babban taron ƙasa da ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991. Dimokuraɗiyya ta zo, amma albashi bai biyo ta ba. A Janairun 1994 kuma aka karya darajar Sefa da rabi, ɗan abin da yake shigowa hannu ya ƙara ƙanƙancewa.

Mushe ɗan sandika ne na gaske, ba irin waɗanda ake gani ranar 1 ga Mayu kaɗai ba. Shi yake tattara kuɗin ƙungiya, shi yake bin makarantu a kan keke yana sanar da ranar ajiye aiki. Aƙidarsa guda ce: abin da ke tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki haƙƙi ne, ba alheri ba, domin alheri akan yi godiya a kansa, haƙƙi kuwa nemansa ake yi da murya a sama. Yakan tuna wa matasan malamai cewa dokar aiki ta ƙasashen renon Faransa ta Disamban 1952 ba kyauta aka ba da ita ba, sai da ma'aikatan Afirka ta Yamma suka ajiye aiki gaba ɗaya a Nuwamban shekarar. Ya kuma kawo musu labarin Jibo Bakari, wanda ya yi ƙungiyar ƙwadago kafin ya riƙe gwamnati. Ba a iya cewa bai yi gaskiya ba.

Sai dai littafin yana da baya. In aka juya shi aka buɗe daga ƙarshe, akwai wani jerin watannin, da rubutun hannu iri ɗaya, amma kuɗin ƙanana ne. Kowa ya san wahalar ruwa a Damagaram. Wani dattijo ɗan ga-ruwa ne yake cika randunan gidan Mushe safe da yamma, ana biyansa ƙarshen wata. Da albashi ya tsaya, biyansa ya tsaya.

"Baba, ka ga halin da muke ciki. Ba a biya mu ba."

"Ba komai, Mushe. In an biya ka, ka tuna da ni."

Haka aka yi ta tafiya har wata bakwai. Wata safiya, Mushe yana ɗaura takardun sanarwar yaji a bayan kekensa, dattijon ya sauke garewaninsa ya tsaya yana kallonsa.

"Mushe, ku in an hana ku kuɗinku sai ku daina zuwa aiki, ko?"

"Haka ne, Baba."

"To ni in na daina zuwa, wa zai sani?"

Ba da gatse ya yi tambayar ba, kuma bai jira amsa ba; ya saɓa sandarsa ya nufi famfo. Amsar kuwa sananniya ce: kafin hantsi wani ɗan ga-ruwan ya maye gurbinsa. Yajin malami yana da kaifi ne saboda aji yakan zama wayam, iyaye su yi ƙorafi, rediyo ta faɗa. Dattijon ba shi da takarda, ba shi da lamba a asusun CNSS, bai san ƙofar sufeton ƙwadago ba. Abin da yake da shi kawai shi ne tsohuwar alaƙar nan ta ubangida da yaronsa, wadda aka gina bisa amana da kunya. Alaƙar ba ta rasa kyau ba: da yawa daga cikin attajiran Maraɗi da Damagaram yaran kanti ne a da, iyayen gidansu suka yi musu aure suka ba su jari. Amma duk nauyinta a kan halin mutum ɗaya yake, in ya gyaru an tsira, in ya ɓaci babu inda za a kai ƙara. Kuma mafi yawan masu neman abinci a Nijar a ƙarƙashinta suke, ba ƙarƙashin dokar aiki ba. Albashi mafi ƙanƙanta da aka tsayar a kan jika 30 da ɗan ɗoriya a 2012, aka ɗaga shi zuwa jika 42 a 2024, bai san da zaman mai wanki ko ƴar aikin gida ba.

Tambayar ta sake iske Mushe a makaranta daga 1998, lokacin da aka fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya aka kira ƴan kwantaragi, a kan kuɗin da bai kama ƙafar albashin malami ba. Wasu abokan gwagwarmayarsa suka ɗauke su a matsayin masu karya yaji, ko gaisuwar kirki ba sa yi da su. Shi bai iya ba. Ya riƙa tashi a taro yana cewa a buɗe musu ƙofa, aka yi masa ihu ba sau ɗaya ba.

Da aka biya wani ɓangare na bashin albashin, ya kira dattijon ya ba shi kuɗin wata huɗu, ya soke su da jan biro a gabansa, ya ce sauran sai an sake biya. Damina ta faɗi, dattijon ya tafi ƙauyensu noma kamar yadda ya saba, rani ya dawo shi bai dawo ba. Mushe ya tambayi sauran ƴan ga-ruwa a bakin famfo, wani ya ce mutumin wajen Magariya ne, wani ya ce a'a, na wajen Matamai ne. A lokacin ne ya lura cewa shekara da shekaru bai taɓa tambayarsa sunan ƙauyensu ba. Wata uku suna nan a bayan littafin.