Gidan Mutum Takwas

Gidanmu na cikin birnin Kano, tsakanin Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi, har yau ba a raba shi ba. Mu bakwai Baba ya bari, maza huɗu mata uku, ga kuma Hajiya. Malamin da ya yi lissafin gado ya ce a fitar mata da tumuni, sauran a kasa 11, namiji kaso biyu, mace ɗaya. A takarda abin ya fita tsaf. Amma wa zai yanka zaure gida 11? Sai dai a sayar a raba kuɗi, Hajiya kuwa ta ce ba da ranta ba. Shi ya sa mu biyu da iyalanmu muke zaune tare da ita, sauran suna Abuja, Kaduna da gidajen aurensu.

Ɗan haya mutum ɗaya yake tambaya kafin ya buga ƙusa. Mu mutum shida muke tambaya, biyar a zauren WhatsApp na 'yan gida, ta shida a kan tabarmarta. Babban Yaya tayil yake so ko'ina. Yayarmu mace ba ta son a taɓa ɗakin da aka yanke mata cibiya.

Rubuta manhajar kwamfuta ce sana'ar da ke ciyar da mu, kuma a can mun saba da irin wannan gado. Za a miƙo tsohuwar manhaja, wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin aiki, bai bar bayani ba. A ga wani layi kamar ba ya komai, a goge shi, ƙarshen wata albashin mutane ya ƙi fita. Da wannan tsoron muka tunkari gidan: kowane abu sai mun ji aikinsa kafin a sa masa guduma.

Bangon na tubali ne, kaurinsa daga ƙasa ya kusa kamu biyu. A watan Afrilu, lokacin da ɗakin bulo yake zama tanda, namu da sanyinsa har la'asar, domin ƙasa a hankali take shan zafi. Rufin soro ne, a kan azarar giginya wadda gara ba ta cika samun sa'arta ba. Birkilan farko da muka kira ya ce a shafe komai da siminti a huta. Wani dattijon magini, wanda sai da muka sha tambaya kafin mu same shi, ya girgiza kai. Ya ce ginin ƙasa numfashi yake yi. Siminti kan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, ƙasar da ke baya ta jiƙe, wata rana a Agusta shafen ya ɓanɓaro gaba ɗaya da naman bango. Maganarsa muka bi. Aka yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, aka gyara indararo, ciki aka shafa farar ƙasa. Wayoyin lantarki a bututu muka bi da su ta kan bango, ba a sassaƙa ko'ina ba. Farantan sola a kan ƙarfe muka kafa su a tsakar gida, don kada a huda soro. Abu ɗaya ne bangon ya ƙi mana: intanet ba ta ratsa shi, na'urar tana rataye a rumfa kusa da randa.

Aikin bai kai maganar kuɗi wuya ba. In ka zuba dukiyarka a gidan da ba a raba ba, ranar rabo ta wa ce? Mun ga 'yan uwa ciki ɗaya a gaban alƙali a kan ƙofar ƙarfe. Sai muka rubuta: abin da ake iya ɗauka, sola, batura, kujeru, labule, na wanda ya saya ne. Abin da ya manne da gini a ajiye rasit, a cire wa mai shi kafin rabo. Kowa ya sa hannu a gaban mai unguwa. Autarmu ta ce, "Yaya, yanzu har takarda ta shiga tsakaninmu?" Ta sa hannun, amma ta yi mako biyu ba ta ce uffan a zauren ba.

Ɗakin da ke jikin na Hajiya mun gyara shi mun rufe. Ba wanda ya faɗa da baki, amma kowa ya san na duk 'yar gidan da aure ya juya wa baya ne.

Saura zauren ƙofar gida. Babban Yaya ya kawo shawarar a fasa shi ta waje a yi shago, hayarsa ta riƙa biyan yaɓen da ake sabuntawa, kuma lissafinsa daidai ne. Hajiya ta tambaye shi inda baƙo zai tsaya ya yi sallama, da inda za a shimfiɗa tabarmar gaisuwa ranar da ta rasu. An ɗage maganar zuwa Babbar Sallah, in kowa ya zo. Kafin nan mun sa tebur da kujeru biyu a ciki, a nan muke aiki da safe.