Buhun ɗiyan mussa

Jama'a masu karatu, na san wasunku za su ce marubuci ya rasa abin faɗi, ana fama da cefane da jiran ƙarshen wata, shi kuwa ya zo mana da zancen mussa. Ku yi mani haƙuri, akwai wani buhu da na daɗe ina ɗauke da shi, yau ni ke son in sauke.

Ina ɗan shekara goma a unguwar Birni, cikin Damagaram, mussarmu ta haihu bayan buhunan gujiya a zauren mahaifina. Ɗiya biyar, kuma haihuwarta ta biyu ke nan cikin shekara guda. Mahaifina mutum ne mai tsoron ɗaukar rai, kowa kuma ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda mussar da ta tsare ba ci ba sha. Saboda haka ba a kashewa. Sai a zuba su cikin buhu, a kira yaro, a ce ya kai bayan gari. Ni aka kira. Na kai su gindin duwatsu, na kwance bakin buhun, na juyo da gudu. Ko idanunsu ba su buɗe ba. A gida aka ce an bar ma Allah, alhali dukkanmu mun san shaho da karnuka da rana aka bar ma su. Uwar ta yi kwana uku tana kewaya zaure tana kira.

Shekaru sun shuɗe, na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, ban ƙara tuna wannan rana ba sai a watan Yuni na 2023, lokacin da na je ganin ɗiyata da ke aure a birnin Liyon na ƙasar Faransa. Wata safiya jikata ta shigo a guje riƙe da kwali, ta tsince shi kusa da wurin zuba shara. Ɗiyan mussa huɗu ne a ciki. Na ce mata: "Amarya, mayar da su inda kika gan su." Irin kallon da ta yi mani ban taɓa samun shi daga ɗan shekara takwas ba. Uwarta ta ce: "Baba, nan akwai gidajen da ke karɓar su." Ta yi ta buga waya. Gida biyu suka ce sun cika maƙil, na uku ya ce mu kawo.

Na bi su da niyyar in samo abin dariyar da zan ba abokaina a fada. Abin da na tarar shi ne ɗakuna jere da keji, warin magani, da mutane masu aikin sa kai da gajiya ta bayyana a fuskarsu. Wata dattijuwa cikinsu ta bayyana mani cewa daga bazara zuwa kaka haka su ke, domin lokacin haihuwa ne, kuma ya haɗu da hutun Yuli da Agusta, sa'ad da wasu ke yada dabbobinsu su tafi yawon shan iska.

Ku ƴan kasuwa ku ɗauki alƙalami. Mussa na iya ɗaukar ciki tun tana da wata biyar ko shida. Cikin bai wuce mako tara. Tana iya haihuwa sau biyu, har sau uku a shekara, ɗiya uku zuwa biyar kowane karo. Mu ce huɗu sau biyu, takwas ke nan bana. In rabinsu mata ne, baɗi su biyar ke haihuwa har da uwar, ɗiya arba'in. Ban san hajar da ke ninka kanta haka ba a kasuwar Maraɗi.

Tsarin nasu kuwa tsohon abu ne. Tun 1845 aka kafa ƙungiyar kare dabbobi ta SPA a birnin Paris, a 1850 aka yi dokar Grammont mai hukunta wanda ya azabtar da dabbar gida a bainar jama'a. Yau dabbar da aka kama tana yawo ana tsare ta kwanakin aiki takwas ko mai ita zai bayyana, in bai zo ba a miƙa ta ga ƙungiya. Jarirai irin namu ana kai su gidajen mutanen da suka yarda su riƙa, suna ba su madara a kwalba bayan kowace awa biyu ko uku, dare da rana, domin doka ta hana a ba da su kafin mako takwas. Daga nan a yi masu allura, a sa masu wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa ƙarƙashin fata mai ɗauke da lamba, a yi masu aikin hana haihuwa. Mai son ɗauka kuma ana yi mashi tambayoyi kamar mai neman aure: ina ka ke zaune, wa zai kula da ita in ka yi tafiya? Ya biya wani abu na kuɗin magani, kuma tun Oktoban 2022 sai ya sa hannu kan takardar alkawari kwana bakwai kafin a damƙa mashi dabbar.

Wani abin har yanzu ina ganin ƙoshi ne ke kawo shi, kamar mussa mai gadonta da kayan wasanta. Amma dariyar da na je nema ta maƙale mani. Dokarsu ta 30 ga Nuwamba 2021 ta ce wanda ya yada dabbarsa yana iya shan ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 45,000, wato sama da miliyan 29 na kuɗin CFA. Duk da haka wani ya saci dare ya ajiye kwali kusa da shara. Kwalinsa da buhuna uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dattijuwar nan ba ta ɓoye mani ba: karɓa da rabawa duk kwasar ruwa ne daga ɗaki mai yoyo, maganin yana wurin uwar. Shi ya sa tun 1999 doka ta ba magadan gari ikon kama mussoshin titi, a yi masu aikin, a sa masu lamba, a mayar da su inda aka kama su.

To, bana tawa mussar ta haihu cikin ɗakin ajiyar hatsi. Huɗu. Buhu na nan rataye, ga kuma ɗan ƙanena mai shekara goma yana wasa a tsakar gida. Ban kira shi ba. Na ƙirga mako takwas, sa'an nan na shiga kasuwa ina bin masu mangaza ɗaya bayan ɗaya, tun da su ne kusu ya dama. Wani Alhaji mai sayar da masara ya karɓi biyu. Da na fara tambayarsa ko yaransa za su riƙa ajiye masu ruwa, ko wa zai duba su ranar da mangaza ke rufe, sai ya yi dariya ya ce: "Mushe, mussa za ka ba ni ko mata?" Ta uku wata maƙwabciya ta ɗauka. Ta huɗu baƙa ce wuluk, kun san abin da mutanenmu ke faɗi a kan baƙar mussa, babu wanda ya ko taɓa ta. Tana ƙarƙashin kujerata ina wannan rubutu.

Saura uwar. Na sami wani likitan dabbobi, abokin aikina na dā. Ya ce shi rayuwarsa duka shanu da tumaki da raƙuma ya sani, amma zai iya, ya kuma faɗi kuɗin allurar barci da zare da magani. Uwargida da ta ji adadin ta ce in dai da hankalina ba zan kai kuɗin cefanen mako guda wurin mussa ba, dabbar da ko saye ba a yi. Mun tsaya a kan za mu sake magana in fansho ya fito. Daren jiya kuwa na ji muzurun maƙwabta bisa katanga, ita kuma tana amsa mashi daga ɗakin hatsi.