Daga Sabo zuwa Kano a Saman Huhun Goro

Duk wanda ya tashi a Sabon Badun a shekarun 1960 ya san warin baƙin mai da ƙanshin ɗanyen goro tun kafin a kai shi makarantar allo. Unguwar da aka yanka wa Hausawa a 1916, a gefen Mokola, abu biyu ne suka riƙe ta: goro ya hau Arewa, shanu su gangaro Kurmi. Shanu a lokacin jirgin ƙasa ke kawo su, ko kuma a koro su da ƙafa. Goro kuwa ba ya son jira. Huhu ya kwana biyu a tashar jirgi ana jiran tarago, zafi ya buge shi, to mai shi ya karye. Shi ya sa fataken goro suka rungumi mota da hannu biyu, duk da cewa dogo ya iso Badun tun 1901.

Manyan kamfanoni muna ganin motocinsu a hanya, irin su Armel's masu ɗaukar wasiƙu, da Ojukwu Transport, da motocin Alhaji Sanusi Ɗantata na Kano. Namu na Sabo ba haka suke ba. Maigida ne da ke saukar da fatake a gidansa, ya tara ɗan abin hannu, ya sayi Austin ko Bedford ɗaya, yawanci bashi, ana biya sannu a hankali. In Allah ya buɗa masa ya ƙara ta biyu da ta uku. Zauren gidansa shi ne ofis, ƙwaƙwalwarsa ita ce littafin lissafi. Kai da ƙashin mota kawai ake sayowa. Kafintoci Yarabawa su ƙera mata bodi na katako, mai fenti ya zana ɗawisu ko zaki, ya rubuta "Allah Ya Kiyaye" a goshi. Tun daga nesa, da ganin fentin ka san motar gidan wa ce.

Ana tsakiyar yaƙin basasa kawuna ya kai ni wurin wani direba da ake ji da shi a unguwa. Ya ce masa, "Ga ɗanka nan, amana ce. In ya kauce ka gyara shi." Mutumin ya dube ni sama da ƙasa.

"Kana salla?"

"Ina yi, Baba."

"To, ɗauki bokiti."

Da wanki ake farawa. Yaron mota, wanda mutanen gari ke kira karen mota, shi ne mai wanke taya, mai ɗaure tamfol, mai zuba ruwa a lagireto, mai murɗa ƙarfe a hancin mota da asuba har inji ya tashi, mai dafa wa oga shayi. Sitiyari kuwa sai dai ido. Shekaru kake yi kafin a ce ka matsar da ita gaba kaɗan a tasha. Babban makaminka waigi ne, guntun katako mai hannu. In mota ta ɗauki hawa da kaya niƙi-niƙi, inji ya fara shaƙewa, kana maƙale a baya da waigi a hannu. Da ka ji oga ya daka tsawa, "Waigi!", sai ka dira ka cusa shi a bayan taya kafin ta fara silalowa. Ran mutum ashirin yana iya rataya a kan wannan dirar. Na ga yaran da suka bar yatsu a wannan aiki.

Lodin goro ilimi ne mai zaman kansa. Daga Shagamu da ƙauyukan Ijebu da Ife da Ondo ake tattaro shi, mata su ɓare su wanke, a zaɓe, a jera cikin ganyen fita, a naɗe, a ɗaure tamau da igiya. Kowane huhu da alamar mai shi da tawada. Ba a ɗora masa ƙarfe, ba a matsa shi kusa da zafin inji, ba a bar rana ta dafa shi ta cikin tamfol. In muka tsaya da rana, inuwar da muka samu ta goro ce, mu sai abin da ya rage. A saman kayan kuma fasinja ke zama: fatake, almajirai masu tafiya gabas neman karatu, matan da za a kai gida goyon ciki, tsoho da ya gaji da Kurmi yana son ya ƙarasa kwanansa a garinsu.

Bayan la'asar muke tashi. Oyo, Ogbomosho, Ilori, sai Jabba. A can ne tafiya ke tsayawa cak, domin mota da jirgin ƙasa gada ɗaya suke bi a kan Kwara. In jirgi na tafe sai a tsare mu, layin motoci ya miƙe, ga sojoji na gadin gada saboda yaƙi, suna leƙa kaya suna tambayar takardu. Mata masu soyayyen kifi sun san wannan jiran, da shi suke ci. In ka haye ka shiga Mokwa ka ji iska ta sauya, bishiyoyi sun fara gajarta, mai tuwo ta amsa maka da Hausa ko Nufanci, sai zuciyarka ta ce an iso Arewa, alhali da sauran tafiya mai tsawo. Can gaba hanya ke rabuwa. Masu Sakkwato su bi ta Kwantagora da Yawuri, mu masu Kano mu kutsa dajin Birnin Gwari. Da tsakar dare muke ratsa dajin nan, abin da muke tsoro bai wuce faci ko karyewar sifirin ba. Yau direba na jin sunan wurin sai ya yi salati.

Abin da na fi son matasa su sani shi ne, ba kaya kaɗai muke ɗauka ba. Babu waya a hannun kowa, mutanenmu kuma ba su saba da banki ba. Direba shi ne gidan waya, shi ne banki. Kafin mu tashi sai ka ga ana zuwa ɗaya bayan ɗaya: wannan da wasiƙar ajami zuwa Zariya, wancan da turmin atamfa na 'yarsa da za a aurar a Funtuwa. Na sha ganin attajiri ya miƙa wa ogana ƙunshin kuɗin da ya fi kuɗin motar, ya ce, "Ka kai wa wane a Kano." Ba takarda, ba shaida. Oga ya zuba a lalita, ya ɗaure a ƙugu, ya saki riga, ko barci zai yi a kansu yake kwanciya. Ba wai duk waliyyai ba ne. Amma wanda ya ci amana sau ɗaya, kafin ya juyo labari ya riga shi isa zaurukan Sabo da rumfunan 'yan goro na Kano, kuma ba mai ƙara ba shi ko huhu ɗaya. Wani masani, Abner Cohen, ya yi bincike a Sabo a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi a kan yadda wannan yarda ke riƙe da cinikin goro da shanu. Mu a bayan mota muka karance ta. Da bakin direba ake sanin farashin goro a Kano, da bakinsa ake jin haihuwa, da bakinsa ake jin rasuwa. Ogana in ya ɗauko labarin mutuwa ba ya faɗa a tasha. Sai ya yi wanka, ya sa riga mai kyau, ya sami liman ko wani dattijo su tafi gidan tare.

Ranar 2 ga Afrilu, 1972, ƙasa ta koma tuƙi ta hannun dama. Motocinmu duk sitiyarinsu a dama yake, saboda haka direba ya koma can gefen daji, ba ya hango abin da ke tahowa in zai wuce wata mota. Yaron mota ya zama idonsa. Ina zaune a hagu, kai a waje, ina cewa "Shiga, oga!" ko "Dakata!" A wannan zaman na koyi auna tazara da gudu, kuma ba a jima ba aka yarda na riƙe sitiyari.

Daga nan kuɗin fetur ya shigo. Fam da sule suka tafi a 1973, naira ta zo. Ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, jiragen ruwa cike da siminti suka yi cincirindo a Apapa a 1975, kowa na neman mota. Marsandi 911, wadda muke kira roka, ta kori Austin daga hanya. Mota ce mai haƙuri, bakanike a ƙarƙashin mangwaro zai kwance injinta ya mayar. Jirgin ƙasa na ja da baya, shanu suka koma hawa mota, mu ma muka daina dawowa da albasa da wake kaɗai. A 1978 aka buɗe babban titin Legas zuwa Badun, a shekarar kuma aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa. Kamfanin Leyland ya kafa masana'antar harhaɗa motoci a nan Badun. Yaran da muka yi wankin taya tare suka sayi motocin kansu, suka je Makka.

Zamanin ya ci mutane kuma. Masu mota na son sawu da yawa, direbobi suka fara haɗiyar ƙwaya don kore barci. Hanyar Oyo zuwa Ogbomosho, ƙunci da kwana-kwana, ta cinye abokaina da dama. Akwai wanda muka ci tuwo tare a Ilori, na riske shi a gaba an lulluɓe shi da tamfol ɗin motarsa. Lokacin da Jihar Oyo ta kafa 'yan kiyaye haɗurra, da hannun Wole Soyinka a ciki, mun yi ta gunaguni, amma gaskiya suka fi mu. A 1988 gwamnatin tarayya ta kafa tata hukumar.

Abin da ya karya ƙananan masu mota na Sabo ya fara ne daga 1986, da aka karya darajar naira. Taya da kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Mai mota uku ya ɗora ɗaya a kan duwatsu yana ciro kayanta don biyu su yi tafiya, bayan shekara ya ɗora ta biyu. Tsofaffin DAF na Turai suka shigo, daga baya tireloli na masu ɗaruruwan motoci, inda direba lamba ce a takarda, bai san fuskar mai motar ba. Lodi ma ya bar unguwa. Kayan gwari sun koma Sasa, hatsi Bodija, shanu Akinyele, tireloli suka koma kwana a Ojoo. Jikokin masu roka yanzu canjin kuɗi suke yi a bakin titin Sabo, wasu na gashin tsire, kuma a gidajen da na sani ba a ƙara kai yaro koyon mota ba.